Baƙin garin da ya ƙi rabuwa: nazarin aikin wata ɗalibar shimi a Yamai

Asalin lamarin

Yarinyar ƴar Tawa ce, ta zo Yamai karatun masta na shimi, tana shekara ta biyu wadda ake rubuta memuwar a cikinta. Ba zan faɗi sunanta ba ko sunan labon, ita ta ce in rubuta don ƴan baya su amfana amma kar in saka ta gaba. Ni kuma bencina na kusa da nata, shi ya sa na ga abin tun daga tushe.

Aikin da malaminta ya ba ta shi ne ta ɗaye oksid ɗin manganiz falle-falle har ya koma fallayen nano, sannan ta gwada ko za su iya cire launi daga ruwan rini, irin wanda masu rina shadda ke zubarwa cikin kwata yana gangarawa Gunti Yena har kogi.

Bari in yi bayani kaɗan don wanda ba ɗan shimi ba. Akwai oksid na ƙarafa da ginin su hawa-hawa ne, falle bisa falle. Wanda ya shafe mu sunanshi birnesit, an samo sunan daga wani wuri Birness a Sikotilan inda anka fara bayanin ma'adinin a 1956. Kowane falle atom ɗin manganiz ne a tsakiya oksijin shida sun kewaye shi, suna haɗe gefe da gefe suna shimfiɗuwa, kaurin fallen wajen rabin nanomita, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Fallen na ɗauke da caji negatif saboda wani manganiz ɗin 3+ ne ba 4+ ba, don haka tsakanin falle da falle akwai iyon, wato atom mai ɗauke da caji, na potasiyom ko sodiyom masu caji pozitif tare da ruwa, su ne ke riƙe da ginin. Daga falle zuwa na gaba nanomita 0.7.

Kowa ya ji labarin girafen, wato falle ɗaya na karbon, da Geim da Novoselov sunka ɗaye da salatif a Manchester a 2004. To nan salatif ba ya aiki, riƙon caji ya fi ƙarfinshi. Sai da dabara: a cire ƙananan iyon ɗin da asid a musanya su da hidirojin, sannan a tura wani ƙaton iyon na amoniyom ya buɗe tsakanin, ruwa ya bi shi ya shiga har fallayen su saki juna. Takayoshi Sasaki da abokan aikinshi a Tsukuba ta Japan sunka nuna haka da oksid ɗin titaniyom a 1996, Liu da Ooi sunka yi nazarin kumburin birnesit a 2000, sai Omomo da Sasaki sunka fitar da fallayen manganiz a 2003. Dalilin wahalar duka shi ne fili. In giram ɗaya ya rabu gaba ɗaya, a lissafi fuskokinshi biyu sun haura murabba'in mita 900, ya fi filin gida mai mita 600 da ake yankawa a bayan gari, kuma a kan fuska ne launi ke mannewa.

Sai kuma lokacin. Ta fara a Oktoba 2023, bayan takunkumin CEDEAO, Najeriya ta yanke kuran tun farkon Agusta alhali kusan kashi 70 na wutar ƙasar daga can take zuwa, iyakar Benin a rufe, kayan da ake yin kumandi ta Kotonu sun tsaya. Wannan ya shiga cikin kowane mataki na aikin.

Oktoba zuwa Nuwamba 2023: tsofaffin pil

Ƙaton iyon ɗin da za ta yi aiki da shi, tetirametil amoniyom idiroksid, mu dai TMAOH muke ce mishi, an yi kumandinshi tun Oktoba ba wanda ya san ranar zuwanshi. Ita kuma ba mai zama ba ce. Ta ce ai baƙin abin da ke cikin pil na tocila oksid ɗin manganiz ne, kyauta ne ma, ta sa yaran unguwarsu sunka tara mata matattun pil cike da leda, ta zauna da filaya tana fasa su tana zare sandar gawayin tsakiya tana kankare baƙin ƙullun, hannunta baƙi ƙirin duk da safar roba.

Ta wanke da ruwan zafi sau da yawa don gishirin amoniyom da na zinki su fita, ta shanya, ta daka, ta sa giram 1 cikin ruwa mililita 200 ta saka cikin bahon ultrason, mai girgiza ruwa da sauti, awa 2. Ruwan ya yi baƙi ta yi murna. Washegari duk ya kwanta, sai wani baƙin maiƙo na karbon yana yawo a sama. Ta gwada da soda, ta gwada da asid marar ƙarfi, ta ƙara awannin ultrason a ranakun da akwai kuran, abu ɗaya ne.

Wani malami da zai yi tafiya waje ya tafi da ɗan samfur anka duba shi da na'urar hasken X, DRX. Birnesit in an haska shi da fitilar jan ƙarfe yana ba da tsini a zanen sakamakon kusa da digiri 12. Nata babu komi a 12, sai wani tudu mai faɗi wajen 22 da wani tsini a 37. Wannan alamar nau'in gama ce, wadda gininta ba hawa-hawa ba ne, ramuka ne dogaye a cikin gini ɗaya da ya haɗe ta kowane ɓangare, babu falle balle a ɗaye shi. Sunan sinadarin ɗaya, MnO2, amma gini daban. Ga shi kuma pil ɗin da ya mutu wani sashe na manganiz ɗin ya riga ya sauya ya haɗu da zinki. Wata biyu sun tafi.

Disamba 2023 zuwa Janairu 2024: farmanganat da fur

Tunda ba a samu mai hawa-hawa a shirye ba sai a gina shi. Hanya mafi sauƙi ga labo irin namu ita ce farmanganat, wannan jan garin da mata ke jefawa a ruwa su wanke salati. In an gasa shi yana fara sakin oksijin wajen digiri 240, in an kai shi 800 anka riƙe awa 5 yana komawa birnesit na potasiyom mai kyawun ƙwaya. Ba ta ɗauki na ƙwayoyi na farmasi ba saboda abin da ake haɗawa a dunƙule su, ta sayi na gari wurin mai sayar da kayan labo.

Giram 10 cikin ɗan kaskon alumina, a hau da zafin a hankali don in an yi sauri yana tartsatsi ya ɓata cikin fur, wato tandar gashin labo. Matsalar ita ce daga hawa zuwa riƙewa ana son kuran na wajen awa 9 ba yankewa. Karon farko an ɗauke yana 520. Na biyu ya kai 800 bai cika awa ɗaya ba anka ɗauke, ta tsaya gaban fur ɗin tana kallon lambar na sauka ba ta ce komi ba. Ƙaramin gurup ɗin labo kuwa ba ya iya jan fur, da an haɗa sai ya shaƙe ya mutu.

Wanda ya warware wanga tsohon teknisiyan ɗin labo ne, duk Baba muke ce mishi. Shi ya lura unguwar ta fi samun kuran daga tsakar dare zuwa hantsi. Ya ce mata, "Ɗiyata, ke auna ki aje min, ki tafi gida, ni zan kunna shi sha biyun dare." Ta ce, "Baba da sanyin nan?" Ya ce ai kusa da fur ba a jin hunturu. Ya shimfiɗa tabarma ya kwana nan, da safe ta tarar ya rubuta zafin kowace awa a bayan wata tsohuwar ambulan.

Abin da ya fito dunƙule ne baƙi mai ɗan ƙyalli. Da ta zuba ruwa sai ruwan ya yi kore shar, manganat kenan da ya rage, da ta ƙara ruwa koren ya juye ja-ja irin na farmanganat. Ta yi ta wankewa tana tacewa har ruwan ya fita fari kuma pH ya sauka ƙasa da 9. Daga giram 10 abin da ya rage bai kai 5 ba. Ƙurar hunturu ta sa dole ta riƙa rufe komi da takardar tacewa, don ko awa ɗaya ka bar beshe a buɗe sai ka ga ja-jan ƙasa a kai. DRX ya nuna tsini mai kaifi kusa da 12.5 da ƙaninshi kusa da 25. An samu birnesit.

Fabrairu 2024: asid

Nan ne anka yi ɓarna mafi haɗari. Asid ɗin labo ya kusa ƙarewa ana tattalinshi, sai ta sayo na kasuwa wanda ake wanke karo da shi, ta zuba shi yadda yake bisa giram 2 na garin da tunanin mai ƙarfi zai fi saurin korar potasiyom. Ba a yi minti biyar ba warin jabel ya cika ɗakin, ido na yaji, Baba ya kore mu waje ya buɗe tagogi. Oksid ɗin manganiz da asid kuloridirik mai kauri iskar kulor suke bayarwa, ta haka ma Scheele ya fara samo kulor a 1774. Manganiz ɗin ya narke ya bi ruwa, fiye da rabin garin ya tafi, wanda ya rage kuma ba a amince da shi ba anka zubar. Allah ya kiyaye ba wanda ya kwanta.

Bayan nan ta bi ƙa'ida. Asid na mol 1 a lita, wato wajen mililita 83 na mai kashi 37 a cika lita da ruwa, mililita 100 ga kowane giram na gari, a motsa a hankali, kullum a tsiyaye a zuba sabo. Sabuntawar ce muhimmiya, don in potasiyom ya taru a ruwan sai musanyar ta tsaya. Tana duba ruwan da ta tsiyaye da harshen wuta, muddin yana ba da launin shuɗi-ja na potasiyom to da saura. Ta yi kwana 7 kafin launin ya ɓace. Ko da wanga asid marar kauri garin yana ɗan raguwa, saboda manganiz 3+ a cikin asid yana rabuwa biyu, rabi ya zama 4+ ya zauna cikin falle rabi ya zama 2+ ya narke. Wannan ba makawa.

Ta raba garin biyu wajen busarwa. Kashi ɗaya cikin etib, wato tandar busarwa, digiri 120 ya kwana, ɗayan ta bar shi a iskar ɗaki a rufe kwana 2. A ido ba bambanci.

Maris zuwa Afrilu 2024: TMAOH ya zo, abin ya ƙi

An ɗage takunkumi a ƙarshen Fabrairu, kuran ya ɗan daidaita cikin Maris, kwalbar TMAOH ma ta iso, ta hanyar Lome da Burkina, mililita 250 mai kashi 25. Kafin a buɗe malaminta ya tara mu ya yi gargaɗi, abin nan ba soda ba ne da zai ƙone fata kawai, yana ratsa fata ya tsayar da numfashi, an yi mutuwar ma'aikata a masana'antun Taiwan da ruwa mai kashi 25 ɗin nan ya zubo musu. Safar hannu biyu, tabarau, bokitin ruwa a kusa, kuma ba a aiki da shi mutum ɗaya a ɗaki. A rufe kwalbar da sauri don yana shan iskar karbon ya rage ƙarfi, a aje cikin firigo.

Ma'auninta: mililita 12.5 a cika zuwa 100, ya ba da wajen mol 0.35 a lita, rabin giram na gari a ciki, cikin kwalbar roba, a girgiza kwana 7. In injin girgiza ya tsaya sai hannu. Kwana 7 sun cika, garin da anka busar a iska ya kumbura ya zama taɓo mai laushi ya ninka girmanshi sau da yawa, na etib kuwa ya ɗan tashi kaɗan ne kawai. Amma duka biyun suna ƙasa kwance, ruwan sama kusan garau. Ita tana jiran ta ga ruwa ya rine, ba ta gani ba.

Ta sa a injin juyawa mai tilasta wa gari ya kwanta, ta tsiyaye ruwan TMAOH ta adana shi daban don a sake amfani da shi tunda tsada gare shi, ta shiga wanke taɓon. A lokacin injin tace ruwa na labo ya ƙone, sai ta yi amfani da piya wata, ta ce ai mai tsabta ne ana sha. Taɓon ya tsinke ya yi gudaji-gudaji ya zauna ƙasa da sauri. Ta busar, babu wani abu.

Zagaye na biyu, cikin azumi, zafin Afrilu ya haura 40 tun kafin azahar, ta sayo ruwan batir na mota. Wanki na farko ruwan ya fita da ɗan launi. Na biyu ruwan ƙasa-ƙasa. Na uku da na huɗu ya yi duhu sosai, minti 10 a juyi 4000 bai sa ya washe ba, taɓon ƙasa kuma sai raguwa yake. Ranta ya ɓaci, ta ce garin ma guduwa yake, ta tsiyaye ruwan duhun cikin wani bidon na lita 5 da ta rubuta wa "ruwan wanki", ta tattara ɗan abin da ya rage a ƙasa ta busar ta aika DRX. Sakamako ya dawo tazara ta tashi daga 0.7 zuwa wajen 0.95. Ma'ana TMA, ƙaton iyon ɗin TMAOH, ya shiga tsakani ya zauna, amma fallayen na nan jere ba su rabu ba. Bayan salla ta je wurin malaminta da maganar ko a sauya mata aiki. Ya ce ta ba shi sati biyu.

Mayu 2024: bidon ɗin ruwan wanki

Baba ne ke kula da sharar labo, ba ya bari a zuba komi a kwata sai ya san mene ne. Da ya zo kan bidon ɗinta ya ɗaga shi a haske, sati uku yana ajiye amma ruwan launinshi ɗaya daga sama har ƙasa, ɗan abin da ya kwanta bai rufe gindin ba. Ya kira ta ya ce, "Ɗiyata, shekarata nawa ina zubar da ruwan manganiz, ban taɓa ganin wanda ya ƙi kwanciya ba, wanga mene ne?" Ta zuba kaɗan a beshe ta ƙara ruwa har ya koma launin shayi marar ƙarfi, na ba ta ɗan lezan da nake nuni da shi, munka kashe fitila. Jan layi ya ratsa ruwan tun daga bango zuwa bango a miƙe, alamar akwai ƙananan abubuwa da ke yawo a ciki suna watsa hasken. A ruwan batir zalla ba a ganin komi. Da ta juya beshen a hankali sai ka ga wani sheƙi na yawo a ciki yana bin juyin. Abin da take nema tun Oktoba shi ne take tsiyayewa a bidon.

Ga yadda abin yake. Cikin ruwan TMAOH mai kauri, iyon ɗin sun shiga tsakanin fallaye sun buɗe su, amma a waje ma iyon sun cika, don haka ruwa ba shi da dalilin ƙara kutsawa, kuma yawan iyon ɗin yana rufe ture-turen da fallaye masu caji iri ɗaya ke yi wa juna. Da an wanke da ruwa zalla sai waje ya tsinke ciki ya fi kauri, ruwa ya ruga tsakani, tazara ta yi ta buɗewa har falle ya daina jin na kusa da shi. Wankin shi ne ɗayewar. Liu da Ooi sun faɗi haka tun 2000, tana da takardar ma a ordinater, sai dai ta karanta wurin a matsayin tsabtace kaya ne kawai.

Piya wata kuwa kalsiyom da magneziyom ke ciki, masu caji biyu-biyu, kowane ɗaya na kama falle biyu ya haɗe su, shi ya sa ya yi gudaji. Munka auna da na'urar kondiktibite, mai nuna yawan iyon da ke narke a ruwa, na leda ya haura 100, ruwan batir ɗin da ta yi sa'a da shi ƙasa da 5. Na ce sa'a don da ta sayo wasu kwalabe huɗu daga wurare daban, biyu ruwan pampo ne anka ɗura, ɗigon nitirat na azurfa ya sa sunka yi fari nan take. Daga ranar ba ta buɗe kwalba sai ta auna.

Ta sake yi daga farko da garin da anka busar a iska. Ruwan wanki na farko da na biyu gefe, na uku zuwa na biyar ta tara, ta sake juya shi minti 10 don ragowar da bai rabu ba ya sauka. Ba ta sa ultrason ba, don yana ƙara yawa amma yana kakkarya fallayen su zama ƙanana. Ta busar da mililita 10 ta auna, lissafi ya nuna wajen kashi ɗaya cikin uku na garin ya shiga ruwa. Na etib da anka bi da shi hanya ɗaya bai kai rabin haka ba, zafin ya kore ruwan tsakani fallayen sun matse.

Layin leza kaɗai ba hujja ba ne, ko madara ka ɗiga a ruwa zai ba da shi. Don haka ta ƙara uku. A na'urar auna haske ruwan ya ba da tudu mai faɗi kusa da nanomita 375, inda fallayen manganiz ke bayarwa, kuma yana raguwa daidai da yadda ta tsinka shi. Taɓon da ta tara daga ruwan, da anka haska shi da danshinshi, tsinin 12 ya ɓace. Da ta ɗiga gishirin potasiyom ya yi gudaji ta busar, tazarar 0.7 ta dawo amma da tudu mai faɗi, alamar sun sake hawa juna a hargitse. Akwai kuma wanda ta yi don nishaɗi, ta jefa ɗan ɓarin ƙwayar bitamin C, launin ya ɓace cikin daƙiƙu don manganiz ɗin ya koma 2+ ya narke. Na'urar da ke auna kaurin falle ɗaya ba a same ta ba, saboda haka a memuwar ta rubuta fallaye ɗaya zuwa ƙalilan.

Yuni 2024: gwajin launi

Ba za a zuba ruwan da ke da TMA cikin ruwan da ake son tsabtacewa ba, guba ne. Sai ta tara fallayen da asid marar ƙarfi, ta wanke sosai, ta samu wani gari mai sakwa-sakwa marar nauyi. Ta gwada shi da shuɗin metilen, miligiram 10 a lita, tana auna shi a nanomita 664, gefe guda kuma birnesit na asali mai nauyi ɗaya. Na fallaye ya washe ruwan cikin ƴan mintoci, na asali bayan awa ɗaya da sauran shuɗi a ido. Shuɗin metilen caji pozitif gare shi, fallaye negatif, ga fili, dole ya manne.

Sai ta ɗebo ruwan marina na gaske wurin wasu mata masu rina shadda. Nan labari ya sauya. Masu rinin suna aiki da soda da idro, wato idirosulfit, idro kuwa aikinshi kenan ya ƙwace oksijin, da ya haɗu da garin sai ya sauya mishi launi ya lalata shi kafin ya kama komi. Ta bar ruwan ya kwana uku tana kaɗa shi iska ta cinye idron, garin ya daina lalacewa, amma launin da ya cire kaɗan ne, don irin wanga rini in ya sha iska ƙananan ƙwayoyi yake komawa marasa caji pozitif, ba abin da zai ja su zuwa falle. Ta rubuta sakamakon yadda ya zo. Ta yi sutinans a Yuli ta wuce.

Hukunci

A ganina cikin abubuwan da sunka ci lokaci, rashin kuran da rufe iyaka su ne ƙanana, duk da su anka fi kuka da su. Fur ya samu mafita da tabarmar Baba, TMAOH ya zo daga baya. Wata biyun pil sun tafi ne saboda an dubi sunan sinadari ba a dubi gininshi ba, kuma DRX ɗaya a satin farko da ya kashe maganar. Wata biyun Maris da Afrilu kuma ruwa ne ya ci su, sau ɗaya don ba shi da tsabtar da aikin ke so, sau ɗaya don an zubar da wanda ya kamata a aje. Na'urar kondiktibite tana cikin kabad tun farko ba wanda ya tuna da ita, mu da ke kusa ma ba mu tambaye ta wane ruwa take wanki da shi ba.

Abin da ya cece ta shi ne ba ta haɗa ruwan TMAOH mai kauri da ruwan wanki a bidon ɗaya ba. Tsada ta sa ta raba su, da ta haɗa da wataƙila duk sun kwanta Baba ya zubar. Raba garin biyu wajen busarwa ma ya yi rana, shi ya nuna illar etib ba tare da an ɓata wani wata ba.

Batun rini, tun wajen zaɓen aikin ya kamata a san shuɗin metilen da rinin shadda ba dangi ba ne. Fallayen nan sun fi dacewa da abin da ke da caji pozitif, irin dalma da ke narke a ruwa, can ne birnesit ya yi suna.

Sannan ga labo irin namu akwai hanyar da ta fi dacewa a fara da ita, wadda Kai da abokan aikinshi sunka wallafa a 2008: a zuba TMAOH na mol 0.6 haɗe da ruwan oksijene mai kashi 3, mililita 20, cikin mililita 10 na kulorir ɗin manganiz mai mol 0.3, a motsa ya kwana a zafin ɗaki. Ba fur, ba asid na sati guda, ruwan oksijene na farmasi mai bolim 10 ma kusan kashi 3 ne. Fallayen sun fi ƙanana kuma ba su kai na fur kyawun gini ba, amma ga kama dalma ko launi wannan ba aibi ba ne. Yaron da ya karɓi bencin bayanta hanyar nan yake bi, kuma yana son ya samo kulorir ɗin daga ragowar ledar pil ɗin nan, a narka da asid ƙarƙashin injin zuƙe iska saboda kulor. Sai dai kafin nan dole ya raba zinki da baƙin ƙarfe da ke ciki, in ba haka ba za su shiga tsakanin fallayen su haɗe su yadda kalsiyom ya yi.